Tarihin Koyar da Zane: Daga Allo Zuwa Bakin Tafkin Kainji

Kowace shekara akan tura ɗalibai masu koyon aikin malanta zuwa makarantun birni da na ƙauye, su yi 'yan watanni suna gwada koyarwa kafin a ba su takardar shaida. A cikinsu akwai wanda fanninsa zane ne da aikin hannu. In rabo ya kai shi ƙasar Yauri, watau Yelwa, ko Wara ta Ngaski, ko Shanga, ko wani ƙauyen masunta a bakin Tafkin Kainji, yakan tarar da abin da ba a gaya masa a kwaleji ba. Ga aji cike da yara, ba fenti, ba buroshi, takarda ma sai wadda aka yago daga littafin lissafi. In ya fita waje kuma ya ji wani uba yana cewa shi bai sa ɗansa makaranta don ya yi wasa da ƙasa ba. Nan ne zuciyar saurayi takan karaya, har ya koma zana kofi ko mangwaro a babban allo, ya ce wa yara su kwafa, ya zauna yana jiran a buga ƙararrawa.

To, ba shi ne farkon wanda ya gamu da wannan wuya ba. Tun kafin zuwan boko ake koyar da zane a ƙasar nan, bayan zuwansa kuma an gwada hanyoyi iri iri, waɗansu suka yi albarka, waɗansu suka mutu. Wanda ya bi labarin a hankali zai ga abu ɗaya yana ta komowa. Malamin da ya fara da abin da idon yaro ya saba gani, da abin da hannunsa ya saba taɓawa, shi ne ya fitar da gwanaye. Wanda kuwa ya ɗauka yaro ya zo masa hannu wofi, bai fitar da kowa ba sai masu kwafa.

Abin da aka tarar a Yauri

Ƙasar Yauri tana bakin Kogin Kwara, cikin Jihar Kebbi wadda aka kafa a 1991. Tsohon birninta shi ne Bin Yauri, amma Sarki yana zaune a Yelwa. Jama'arta kuwa iri iri ne. Akwai Hausawa, da Gungawa mutanen tsibirai waɗanda suke kiran kansu Reshe, da Kambari, da Shangawa, da Dukawa, da Sarkawa masu su, da Fulani makiyaya. Kowace ƙabila da aikin hannunta: sassaƙar jirgi da turmi, saƙar taru da tabarma, ginin tukwane da rumbu, gyaran ƙwarya da yi mata ado.

Wannan aiki ba na jiya ba ne. Sa'ad da za a toshe kogi a Kainji, masu binciken kayan tarihi suka yi hanzari suka haƙa waɗansu tsofaffin tuddai kafin ruwa ya rufe su. A wani tudu kusa da Yelwa suka tono tukwane da 'yan siffofi na gasasshen yumɓu, waɗanda masana suka ce sun haura shekara 1,000 da yin su. Ashe tun zamanin nan mai nisa akwai wanda yake zaune a bakin wannan kogi yana murza yumɓu, kuma lalle akwai yaro a gefensa yana kallo, gama ba a haifar mutum da gwaninta.

Hanyar koyarwar masu sana'a kuwa a fili take, har yau ana ganinta. Ɗan masassaƙi ba a fara ba shi gizago. Sai ya daɗe yana kallo, yana ɗebo ruwa, yana share ɓawon icce. Daga nan a ba shi ɗan guntu ya gwada, in ya ɓata ba a yi hasara ba. 'Yar maginiya takan fara da kwaɓa yumɓu, sa'an nan 'yar tukunyar wasa, sa'an nan kasko, kafin ta kai ga tulu. Gwani ba ya yawan bayani da baki. Yana aiki ne almajiri yana gani, shi ya sa ake cewa gani ya kori ji.

Makarantar allo

A makarantar allo ma akwai koyar da ido da hannu, ko da yake ba da wannan suna ake kiransa ba. Mai karatu zai tuna yadda ake kiran baƙaƙe da sifarsu: ba guje, lam jaye, mim jaye, ɗa mai hannu. Yaro bai san Larabci ba tukuna, amma ya san ja, ya san hannu, don haka sai malam ya ɗora sabon abu bisa wanda ya riga ya sani. Kayan aiki kuma duk na gida ne. Almajiri shi yake fiƙe alƙalaminsa, shi yake haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro. In ya rubuta ya haddace sai ya wanke allo ya sake wani, ba a jin ciwon takarda. Ranar sauka kuwa akan yi wa allo zayyana da launi iri iri, layi bisa layi, kusurwa daidai da kusurwa, har wanda bai iya karatu ba ya tsaya yana kallo.

Daga wannan makaranta ne zane ya bazu cikin waɗansu sana'o'i. Adon babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, sau da yawa malami ne yake fara zana shi da alƙalami bisa yadi, sa'an nan mai ɗinki ya bi da allura. Magina kuma suna da nasu zane a fuskar soro da bakin zaure. A Zariya har yanzu ana ambaton Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Amma fa tsohuwar hanya tana da nata aibi, bai kamata a ɓoye ba. Sana'a gado ce, ɗan wani gida ba ya samun shiga. Gwani yakan ɓoye sirrin aikinsa, wani lokaci ya mutu da shi. Almajiri kuma ba a so ya tambayi dalili, balle ya sāke fasali. Ga kuma bulala, wadda ba ta taɓa gyara hannun kowa ba.

Makarantar Ɗan Hausa

A 1909 wani Bature mai suna Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda jin harshensa, ya buɗe makarantar Gwamnati ta farko a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Da Hausa ake koyarwa. Ban da ajin 'ya'yan sarakuna da na malamai, ya kafa sashen sana'a, ya ɗauko masu sana'a na gari, irin su dukawa da maƙera, su ne suke koyarwa, ana ƙara musu da sababbin kayan aiki. Waɗansu ɗalibai kuma aka koya musu awon ƙasa da zana taswira domin aikin En'e. Gidan da ya zauna, na ƙasa ne ginin Hausawa, yana nan a Kano ana kiransa Gidan Ɗan Hausa.

Dabararsa ita ce ya shigo da gwanin gari cikin makaranta, ya ba shi matsayin malami. Sai dai abin bai ɗore da ƙarfinsa na farko ba. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horar da malamai, wajen 1930 kuma aka shigo da makarantun Midil. Jama'a suka ga wanda ya iya Turanci da lissafi shi yake zama akawu ko malamin haraji, ya sami albashi da girma. Aikin hannu sai ya koma baya, har ya zama abin da ake ba yara in an gaji da karatu, ko a tura su sharar fili a ce darasi ne. Raini da sabon malami yake tararwa yau, daga nan ya samo tushe.

Onabolu da Murray

A Kudu kuma wata gardama ce ta tashi, wadda ta shafi kowane malamin zane. Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, ya koya wa kansa zanen mutane irin na Turawa, sa'an nan ya tafi Landan da Faris a 1920 ya yi karatu. Da ya komo ya shiga zagaya makarantun Ikko yana koyarwa. Shi a ganinsa, a koya wa yaro ƙa'ida sosai: yadda ake auna tsawo da faɗi, yadda ake nuna nesa da kusa a kan takarda, yadda haske da inuwa suke faɗuwa. Nufinsa ya ƙaryata masu cewa baƙin mutum ba zai iya wannan aiki ba. Shi ne kuma ya matsa wa Gwamnati ta ƙaro malaman zane.

A 1927 aka kawo Kenneth Murray daga Ingila. Shi kuwa da ya duba sai ya bi wata hanya dabam. Ya hana ɗalibansa kwafar hotunan littattafan Turai. Ya ce su zana abin da suke gani a garinsu, kasuwa da gona da masu hawan kwakwa, su kuma koyi sassaƙa da ginin tukwane wurin masu yi. Ya koyar a Ibadan da Umuahia, a 1937 kuma ya kai ayyukan ɗalibansa biyar Landan aka nuna wa jama'a. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ben Enwonwu, wanda daga baya sunansa ya kai ko'ina. A 1943 aka ba Murray aikin lura da kayan tarihi na Nijeriya.

Kowannensu yana da gaskiya, kowannensu kuma ya bar wani abu. Ɗalibin da aka ba ƙa'ida kaɗai yakan iya hannu, amma ba shi da abin faɗi. Wanda aka ce ya zana ƙauyensu kaɗai, aka hana shi ƙa'ida, wata rana zai ga an rufe masa ƙofar da aka buɗe wa waɗansu. An kuwa zargi Murray da wannan.

Samarin Zariya

A Zariya aka warware gardamar, kuma ɗalibai ne suka warware ta. A 1955 aka ɗauko sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Yawancin malamai Turawa ne, darussa kuma irin na makarantun Ingila. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ba su ƙi karatun aji ba, suna yinsa suna cin jarrabawa. Amma in an yi hutu kowa sai ya koma garinsu ya bincika zanen mutanensa da tatsuniyoyinsu, ya komo ya gwada wa 'yan'uwansa. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, watau zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarar waje a haɗa da gadon gida, abu ɗaya ya fito.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, a 1961 ta watse da manyanta suka gama karatu. A 1962 kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Amma da yawa cikinsu malanta suka shiga. Onobrakpeya ya yi shekaru yana koyarwa a wata makarantar sakandare a Ikko, Grillo ya shugabanci sashen zane a Kwalejin Yaba, Okeke kuma a Jami'ar Nsukka. Ta hannun almajiransu ra'ayin ya shiga makarantun ƙasa duka.

Ladi Kwali

Misali mafi kusa da masu ginin tukwane na Yauri shi ne na tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1950 Gwamnati ta ɗauko wani gwanin tukwane daga Ingila, Michael Cardew. Kafin ya koyar da kowa sai da ya zagaya ƙasa yana duba aikin mata magina, ya shaida cewa tukwanensu sun dace da aikin da ake yi da su, ba su bukatar gyaransa. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata mace Bagwariya, Ladi, daga ƙauyen Kwali. A wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya, ba ta yi makarantar boko ba. Takan zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikin tulu.

Aka buɗe makarantar tukwane a Abuja a 1952, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Cardew ya koya mata juya yumɓu bisa faifai, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Bai ce ta bar gininta na hannu ba, bai kuma taɓa zanenta ba. Aka nuna aikinta a Landan, ita da kanta ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Duk da haka akwai abin lura. Tulun da aka shafa wa ruwan ƙyalli ya yi nauyi, ba ya kuma tsatsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa kamar na gargajiya. Ya zama abin ado a ɗakin masu kuɗi. Ke nan kowace sabuwar dabara tana ba da wani abu, tana karɓe wani, wajibi ne malami ya san abin da yake musanyawa.

Ruwan Kainji

A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa a Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen mil 80, bakinsa na arewa ya kai Yelwa. Aka tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa masu yawa suka nutse tare da gonakinsu na albasa. Gwamnati ta gina sababbin ƙauyuka da bulo da siminti, bisa fasalin da wani Bature mai zanen gidaje, Robin Atkinson, ya tsara. Ƙasa ta sami wutar lantarki, masunta kuma suka taho daga nesa saboda kifi.

Amma fasalin tsohon gida, da yadda ake jera rumbuna, da inda kasuwa take da inda ake ɗaure jirage, waɗannan ruwa ya rufe su. Waɗanda suka gan su da ido, suna da wayo a lokacin, yau duk sun haura shekara 60. Kayan roba da na ƙarfe kuma suna ta korar ƙwarya da tulu daga kasuwa. Abin da ya rage yana cikin kan tsofaffi da hannun 'yan magina kaɗan. In jikokinsu ba su zauna sun tambaya sun zana ba, zai tafi tare da su. A nan ne aikin malamin zane a Yauri ya wuce cika lokaci a jadawali.

Abin da sabon malami zai yi

Da fari, ya yi koyi da Cardew, ya duba kafin ya koyar. Makon farko ya shiga kasuwa, ya je bakin ruwa inda ake gyaran jirage, ya san maginiya da mai saƙar taru da mai yin zayyana. Ya gai da mai gari da limami, ya gaya musu abin da yake nufin yi. Baƙon da ya yi sallama ba a yi masa kallon ɓarawo.

Na biyu, ya daina kukan rashin kaya. Gawayi da ƙaro suna ba da baƙi. Jar ƙasa, da farar ƙasa, da toka, da baba, da karan dafi, da gangamau, kowanne launi ne. Ɗanyen tsinke in an daddaƙe bakinsa ya zama buroshi. Kwali da takardar buhun siminti suna ɗaukar zane, yumɓu kuwa ga shi a bakin kogi. Rairayin fili shi ne allon da ya fi kowane arha, a zana a share a sake, kamar yadda almajiri yake wanke allonsa. Haɗa kayan ma darasi ne, yara su yi da hannunsu.

Na uku, ya kawo abin da za a zana cikin aji, ko ya kai aji wurinsa. Maimakon ya zana jirgi a allo su kwafa, ya kai su bakin ruwa su zauna gaban jirgi. Kafin kowa ya ja layi ya yi musu tambaya. Tsawonsa ya ninka faɗinsa sau nawa? Ina ya fi tudu, gaba ko baya? Jirgin da yake can tsakiyar ruwa, don me ya fi na kusa ƙanƙanta a ido? Da wannan ya shigo da ƙa'idar Onabolu ta ƙofar Murray, yaro bai ji an ɗora masa baƙon abu ba. Ɗan masunci ya san bambancin giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa fiye da malaminsa, kuma ran da aka tambaye shi ya bayyana wa aji, ran nan zai san yana da abin da ya kawo makaranta.

Na huɗu, ya yi aiki a gabansu, kamar gwanin sana'a. Ya nuna sau ɗaya a hankali, ya bar su su gwada, shi kuma ya zagaya. In yara sun yi yawa ya raba su biyar biyar ko shida shida, kowane rukuni da kaskon launinsa da mai lura da kaya. Kada ya karɓi alƙalami ya gyara a kan takardar yaro. In akwai kuskure ya nuna a gefe, ko ya ce masa ya sake duban abin. Hannun da aka saba karɓe wa aiki ba ya ƙarfi.

Na biyar, ya gayyato gwanin gari, kamar yadda Ɗan Hausa ya yi. Maginiya ta zo ta gina tulu a gaban aji, a shimfiɗa mata tabarma, yara su gaishe ta da sunan malama. Tsoho Bagunge ya zo ya ba da labarin tsibirinsu, yara su zana taswirarsa bisa faɗarsa, shi kuma ya duba ya gyara musu. A rubuta sunan wurin da shekara a ƙasan takarda, a ajiye a ofishin hedimasta.

Na shida, maganar siffar abu mai rai. Akwai iyaye da malaman addini da ba su yarda da ita ba, wannan kuwa ba abin gardama ba ne ga baƙon saurayi. Fagen zane yana da faɗi: zayyana, da adon riga da hula, da dagi, da itatuwa, da jirage, da gidaje, da taswira, da kyautata rubutu. Ya fara da waɗannan, abin da ya shige masa duhu ya tambayi malaman garin da ladabi. Uban da ya ce wasa ne kuma, a nuna masa cewa tela da magini da kafinta da mai rubuta allon kanti da injiniya duk da layi suke fara aikinsu.

Na bakwai, ya lura da yaron da ba ya magana. A aji ɗaya akwai wanda harshen gidansu Reshe ne, ko Kambarci, ko Fulatanci, Hausa ma da ƙyar, balle Turanci. Irin wannan yaro akan yi masa kallon daƙiƙi, shi ma ya yarda, daga nan sai ya bar zuwa ya koma su ko kiwo. A darasin zane ba a bukatar harshe. Sau da yawa a nan ne yakan fara yin abin da za a ɗaga a nuna wa aji, kuma wannan kaɗai yana iya riƙe shi a makaranta har ya iya karatu. 'Yan mata ma haka, waɗanda suka iya zanen lalle da adon ƙwarya tun daga gida.

Na ƙarshe, ya riƙe ɗan littafi. Kowace yamma ya rubuta abu uku: abin da ya yi nufin koyarwa, abin da yara suka yi a zahiri, da abin da zai sāke gobe. In zanen yara arba'in ya fito iri ɗaya sak, kada ya yi murna, alama ce tasa suka kwafa, ba su duba ba. Ya ajiye zanen farko na kowane yaro, ya gwada da na ƙarshen zango, da wannan zai auna yaron, da shi kuma zai auna kansa. Ran da mai duba aikinsa ya zo daga kwaleji, wannan littafi da waɗannan takardu sun fi dogon bayani.

Tun daga 1976, da aka buɗe ilimin firamare ga kowa, makarantu sun yawaita a ƙasar Yauri, zane da aikin hannu kuma suna cikin manhaja. Amma rubuta darasi a manhaja ba ya koyar da shi. Ɗan Hausa da Murray da Cardew baƙi ne daga wata ƙasa, duk da haka sai da suka sunkuya suka dubi abin da ke hannun mutane kafin su ƙara musu da nasu. Sabon malami ɗan ƙasa ne, ya fi su saukin yin haka. In ya yi, watakila cikin yaran da suke zaune gabansa a Wara ko Shanga akwai wata Ladi, ko wani Babban Gwani. In ma babu, zai bar yara masu ido da ya iya dubawa da hannu da ya iya gyara, ya kuma bar wa garin taswirar tsibirin kakanninsu. Allah ya ba malamai haƙuri, ya sa albarka cikin abin da suke koyarwa, amin.